Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Manhajojin Gwajin Juriya da Sa-ido Kan Sabuwar Kwamfuta a Yanayin Ɗambatta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan manhajojin da ake amfani da su wajen gwada juriyar sabuwar kwamfuta da sa ido a kan lafiyarta, tun daga ranar da aka harhaɗa ta har zuwa lokacin da za a danƙa mata aiki. An ɗauki garin Ɗambatta da ke arewacin jihar Kano a matsayin farfajiyar bayani, domin zafin bazara da ƙurar hunturu da rashin tsayayyar wutar lantarki sun haɗu a can, kuma kowannensu yana sauya ma'anar sakamakon gwaji. Maƙalar ta rarrabe ayyuka uku da ake yawan cakuɗawa, wato sa-ido da gwajin juriya da awon ƙwazo. Daga nan ta bi sassan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ta nuna manhajar da ta dace da kowanne, da abin da take aunawa, da inda ikonta ya tsaya. An kuma gabatar da keɓaɓɓun kalmomin Hausa da za su sauƙaƙa koyar da fannin da rubuta rahotonsa.

Fitilun Kalmomi: kwamfuta, manhaja, gwajin juriya, sa-ido, keɓaɓɓun kalmomi, Ɗambatta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2013 ne Hukumar JAMB ta fara gudanar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta, zuwa 2015 kuwa ta daina amfani da takarda gaba ɗaya. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da ɗalibai masu zaman kansu. Wannan sauyi ya kai kwamfuta garuruwan da a da ba a ganinta sai a ofishin gwamnati. Ɗambatta, hedikwatar ƙaramar hukuma da ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, tana cikin irin waɗannan garuruwa. A nan ne Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako take, ga makarantun sakandare, ga kuma shagunan buga takardu da yin rajista ta intanet, waɗanda ɗalibai daga ƙauyukan kewaye suke dogaro da su.

Yawancin kwamfutocin da ke isa irin wannan gari sukan fito ne daga kasuwannin birnin Kano kamar titin Beirut da Farm Centre, ko kuma daga Computer Village da ke Ikeja a Legas. Da dama daga cikinsu harhaɗa su ake yi daga sassa daban-daban, wasu sababbi wasu na hannu. Don haka idan aka ce “sabuwar kwamfuta” a wannan maƙala, ana nufin duk wadda aka gama haɗawa ko aka sauya wa manyan sassa, ba ta kai ga fara aiki a hannun mai ita ba.

Abin da aka saba gani wajen karɓar irin wannan na'ura bai wuce a kunna ta ba. Idan Windows ta hau, aka buɗe takarda aka rufe, sai a biya kuɗi. Ga shi kuwa mai sayen san huɗa a kasuwar dabbobi ta Ɗambatta ba ya wadatuwa da ganin san a tsaye. Sai ya duba haƙora da kofato, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa, domin ya san aibin da ke ɓoye a tsaye yakan bayyana a ƙarƙashin garma. Kwamfuta ma tana da aibin da ba ya fitowa sai ta ɗauki kaya mai nauyi na tsawon lokaci. Manhajojin da za a yi bayaninsu a nan su ne hanyar ɗora mata wannan kaya da gangan, tun kafin ranar buƙata.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Tun bayan fitowar littafin *Hausa Metalanguage* wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, manazarta Hausa sun san amfanin daidaita kalmomin fannu. Fannin gyaran kwamfuta kuwa har yanzu ararrun kalmomi ne suka fi yawa a bakin masu sana'ar. A wannan maƙala an haɗa hanyoyi biyu: an riƙe ararriyar kalma inda ta riga ta zauna, an kuma yi amfani da kalmar bayani inda za ta haska aikin sashen.

i. *Masarrafi*: sashen da ke yin dukkan lissafi, wanda masu gyara ke kira furosesa.

ii. *Ma'adanar wucin-gadi*: wurin da bayanai ke zama yayin da ake aiki da su, wanda ke wofinta da zarar wuta ta ɗauke. A kasuwa ram ake ce mata.

iii. *Rumbun ajiya*: wurin da bayanai ke zama dindindin, ko mai faifai mai juyawa ko na zamani marar motsi.

iv. *Babban allo*: farantin da sauran sassa ke hawa kansa, wato madabod.

v. *Akwatin wuta*: sashen da ke karɓar wutar bango ya mayar da ita ƙaramar wutar da sassa ke sha.

vi. *Mazuƙin zafi*: ƙarfen da ake ɗorawa a kan masarrafi tare da fanka domin janye zafi.

Akwai kuma ayyuka uku da ya wajaba a rarrabe. *Sa-ido* shi ne karanta ma'aunan da ke jikin na'ura, kamar zafi da ƙarfin wuta da gudun fanka, ba tare da an matsa mata ba. *Gwajin juriya* shi ne tilasta wa sashe yin aiki iyakar ƙarfinsa na sa'o'i domin a ga ko zai yi kuskure ko ya tsaya. *Awon ƙwazo* kuwa gajeren gwaji ne da ke ba da maki, domin a kwatanta saurin wannan na'ura da na takwarorinta. Na'ura tana iya cin maki mai yawa a awon ƙwazo ta kuma faɗi a gwajin juriya, kamar yadda dokin sukuwa ke iya gaza doguwar tafiya.

3.0 Dalilin Gwada Sabuwar Na'ura

Masana ingancin kayan lantarki sun daɗe da lura cewa lalacewar kaya tana da zango uku. A farkon rayuwar kaya lalacewa takan yi yawa saboda aibin ƙira ko na haɗawa. Daga nan sai ta lafa na tsawon shekaru, sannan ta sake tashi idan tsufa ya zo. Manufar gwajin juriya ita ce a gaggauta zangon farko, aibin ya fito tun kayan yana ƙarƙashin alhakin mai sayarwa.

Aibin ba ya tsayawa ga ƙananan masu harhaɗawa. A 1994 wani malamin lissafi a Kwalejin Lynchburg da ke Amurka, Thomas Nicely, ya gano cewa masarrafin Pentium yana kuskure a wasu lissafan rabawa, al'amarin da ya ja wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475. A 2024 ma kamfanin ya amince da matsalar rashin daidaito a wasu masarrafansa na zubi na 13 da na 14, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Game da ma'adanar wucin-gadi, binciken da Bianca Schroeder da abokan aikinta suka wallafa a 2009 a kan na'urorin Google ya nuna cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure a kowace shekara. Manyan na'urori irin na Google suna da tsarin gyara irin wannan kuskure da kansu. Yawancin kwamfutocin ofis da na makaranta ba su da shi.

Manazarcin Hausa zai fi gane nauyin wannan batu ta misali daga haruffan harshensa. Kwamfuta tana adana kowane harafi ne a matsayin lamba, kowace lamba kuma jerin sifili da ɗaya ce. A tsarin Unicode, lambar harafin ɓ ita ce 595, ta harafin ɗ kuwa 599. A rubutun sifili da ɗaya, gurbi guda tak ya raba su. Idan ma'adana mai aibi ta juya wannan gurbi, kalmar *ɗari* za ta koma *ɓari*, kuma babu manhajar duba rubutu da za ta yi ƙorafi, tunda dukansu kalmomin Hausa ne. Faɗawar kuskure a kan wannan gurbi takamaimai abu ne mai wuya, amma misalin ya nuna yanayin ɓarnar: tana faruwa shiru. Wanda ke tara matanin waƙoƙin baka, ko hotunan rubuce-rubucen ajami, ko muryoyin da aka naɗo daga bakin dattawan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, yana iya kwafe gurɓataccen fayil zuwa duk ma'ajiyoyinsa bai sani ba.

4.0 Yanayin Ɗambatta da Tasirinsa

4.1 Zafi

Akasarin kamfanonin ƙera kwamfutocin ofis sukan ƙayyade digiri 35 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin ɗakin da na'urar za ta yi aiki a ciki. A arewacin Kano kuwa zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 ko ya wuce, ɗakin da aka rufa da kwano babu silin kuma yakan fi haka. Mazuƙin zafi ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki yake turawa a kan ƙarfe. Saboda haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a jikin masarrafi kusan daidai wa daida.

A ƙaddara an gwada na'ura da safiyar hunturu, ɗaki yana digiri 20, masarrafi ya tsaya a 78. Tazarar ita ce 58. Idan aka kai wannan na'ura ɗaki mai digiri 41 a tsakiyar bazara, lissafi ya nuna za ta nemi kaiwa 99. Iyakar yawancin masarrafan Intel digiri 100 ce, ta Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuwa 95. Da zarar masarrafi ya kusanci iyakarsa sai ya sassauta gudu domin ya kare kansa, idan abin ya faskara ya kashe na'urar. Ke nan sakamakon gwaji ba shi da ma'ana sai an rubuta zafin ɗakin da aka yi shi. Abin lura kuma shi ne jarrabawar JAMB takan faɗo ne a cikin bazara.

Zafi yana da wata illa ta sannu a hankali. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar ƙananan tulunan adana caji da ke cikin akwatin wuta da babban allo.

4.2 Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, ga kuma ta gonakin da aka girbe da ke kewaye da gari. Fanka tana zuƙo wannan ƙura ta cusa ta tsakanin haƙarƙarin mazuƙin zafi. Na'urar da ta ci gwaji a Oktoba tana iya shiga bazara da toshewar hanyar iska. Idan damina ta sauka, ƙurar takan sha laima ta manne. Wannan ne ya sa sa-ido ya zama aikin da ake maimaitawa kowane zangon shekara.

4.3 Wuta

Wutar gida a Nijeriya an tsara ta a kan bolt 230. Ɗambatta tana yankin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, amma kamar sauran garuruwan karkara, masu harkar kwamfuta sukan haɗa da janareta ko sola da inbata. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da halinta, kuma lokacin sauyawa daga wata zuwa wata shi ne mafi haɗari ga na'ura. Gwajin da aka yi a shagon mai haɗawa a Kano bai gwada wutar da na'urar za ta rayu a kanta ba.

5.0 Manhajojin Sa-ido

Ana fara buɗe manhajar sa-ido kafin kowane gwaji, domin matsa wa na'ura ba tare da ganin zafinta ba tamkar tuƙi ne a duhu babu fitila.

CPU-Z, ta kamfanin CPUID na Faransa, tana bayyana ainihin sunan masarrafi da babban allo da girman ram da saurinta. Amfaninta na farko shi ne tabbatar da cewa abin da ke cikin akwati ya yi daidai da abin da aka rubuta a rasit. Takan kuma nuna idan ram tana gudu ƙasa da saurin da aka saye ta a kai.

HWiNFO, wadda Martin Malík na ƙasar Sulobakiya ya ƙirƙira, tana karanta kusan dukkan ma'aunan da ke jikin na'ura. Ga kowane ma'auni tana nuna adadin yanzu da mafi ƙanƙanta da mafi girma da matsakaici, tana kuma iya rubuta su a fayil daƙiƙa bayan daƙiƙa. Tana da layi na musamman da ke nuna ko masarrafi ya sassauta gudu saboda zafi. HWMonitor da Core Temp sun fi ta sauƙi ga mai koyo, sai dai ba su kai ta zurfi ba.

A ɓangaren wuta, ƙa'idar ATX da aka daɗe ana bi ta yarda layin bolt 12 ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Adadin da manhaja ke nunawa a nan kimantawa ce daga babban allo. Idan ya nuna abin shakka, mitar hannu ta masu gyaran lantarki ce za ta raba gardama.

CrystalDiskInfo, ta Noriyuki Miyazaki na Japan, tana karanta rahoton da rumbun ajiya ke tarawa game da kansa, wanda ake kira S.M.A.R.T. Layuka uku sun fi muhimmanci ga mai saye. Layi na 9 yana nuna yawan sa'o'in da rumbun ya yi a kunne, don haka rumbun da aka ce sabo ne amma ya nuna sa'a dubu goma sha biyar ya tona asirin kansa. Layi na 5 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su da wasu, layi na 197 kuma waɗanda ake zargi. Binciken da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 a kan rumbuna fiye da 100,000 ya gano cewa rumbun da ya nuna kuskuren dubawa na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma binciken ya kuma nuna cewa kusan kashi 36 cikin 100 na rumbunan da suka mutu ba su ba da wata alama ba. Mummunan rahoto hujja ce ta mayar da kaya, kyakkyawan rahoto kuwa ba ya ɗauke wajibcin ajiye kwafi a wani wuri.

Windows kanta tana da kundin aukuwa mai suna Event Viewer. Shigarwar da ke ɗauke da sunan WHEA-Logger tana nuni ga kuskuren sassa, Kernel-Power mai lamba 41 kuma tana nuna na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Masu amfani da Linux suna da lm-sensors da smartmontools.

6.0 Manhajojin Gwajin Juriya

6.1 Ma'adanar Wucin-gadi

Da ita ake farawa, domin idan tana da aibi duk gwajin da zai biyo baya ya gurɓata. MemTest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994 kuma kamfanin PassMark ya saya a 2013, da 'yar'uwarta Memtest86+ da kowa ke da izinin amfani da ita kyauta, ana ɗora su ne a kan filash a tayar da na'ura da su ba tare da Windows ba. Hikimar hakan ita ce su sami damar taɓa kusan kowane gurbi. Suna rubuta wani tsarin sifili da ɗaya, su karanta, su kwatanta, su sauya tsari su maimaita. Zagaye huɗu shi ne mafi ƙarancin abin da aka saba yi, kuma yakan ci sa'o'i gwargwadon girman ram. Hukuncin a nan ba shi da sassauci: kuskure ɗaya ya isa faɗuwa. Idan ya fito, sai a gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya, a kuma sauya musu gurbi, domin a gane ko sandar ce ko babban allo.

6.2 Masarrafi

Prime95 ba don gwaji aka ƙirƙire ta ba. George Woltman ya rubuta ta ne domin shirin GIMPS da ya kafa a 1996 na neman manyan lambobin da ba sa rabuwa, irin waɗanda ake jinginawa ga Mersenne. Abin da ya mayar da ita makamin gwaji shi ne tana ba masarrafi lissafi mai tsanani wanda an riga an san amsarsa, don haka ƙaramin kuskure ma ba ya wuce ta. A farkon 2016 Intel ya amince cewa wasu masarrafansa na Skylake suna daskarewa a ƙarƙashin wannan manhaja, ya kuma fitar da gyara. Zaɓin Small FFTs shi ne ya fi tayar da zafi, saboda haka shi ke gwada mazuƙin zafi. Zaɓin Blend yana haɗa masarrafi da ram. Idan zafi ya yi tsalle zuwa iyaka cikin daƙiƙoƙin farko, galibi mazuƙin bai zauna daidai ba, ko man da ke tsakaninsa da masarrafi ya bushe, ko an manta ba a ɓare ledar da ke ƙasansa ba.

6.3 Katin Hoto da Akwatin Wuta

FurMark tana matsa wa katin hoto. Alamar aibi ita ce ɗigo-ɗigo ko zane-zane a fuskar allo, ko hoton ya ɗauke. OCCT, wadda ita ma daga Faransa take, tana da gwajin da ke matsa wa masarrafi da katin hoto a lokaci guda domin a ja iyakar wutar da na'ura za ta iya sha. Idan kowane sashe ya ci gwajinsa shi kaɗai amma na'ura ta mutu da aka haɗa su, zargi yana komawa kan akwatin wuta. Wannan gwaji yana da muhimmanci a kasuwar da adadin da aka rubuta a jikin akwatin wuta mai araha ba koyaushe yake zama gaskiya ba.

6.4 Rumbun Ajiya

H2testw, wadda Harald Bögeholz ya rubuta wa mujallar *c't* ta Jamus, tana cika rumbu ko filash da bayanai sannan ta karanta su duka. Ta haka take kama jabun kayan da aka yi wa dabara suke nuna girman da ba su da shi. Irin wannan kaya yana karɓar fayil ba gardama, amma da zarar ainihin wurin ya cika sai bayanai su riƙa salwanta. CrystalDiskMark kuwa awon ƙwazo take yi, tana nuna saurin rubutu da karatu.

7.0 Tsarin Gudanar da Gwaji

Jerin da ke ƙasa ya dace da na'ura guda, kuma ana iya kammala shi cikin kwana biyu:

i. A tabbatar da sassa da CPU-Z da CrystalDiskInfo, a kwatanta da rasit.

ii. A bar na'ura a kunne minti 20 babu aiki, a rubuta zafinta da zafin ɗaki.

iii. A yi zagaye huɗu na gwajin ram, zai fi kyau da dare.

iv. A yi Small FFTs na kimanin sa'a guda ana kallon HWiNFO, a tsayar idan zafi ya manne a iyaka.

v. A yi Blend na sa'o'i da dama, sannan gwajin haɗaka na OCCT.

vi. A maimaita mataki na huɗu a ɗakin da na'urar za ta zauna, tsakanin azahar da la'asar, a kan wutar da za ta riƙa sha.

vii. Tana cikin aiki a yanke wutar bango, a ga ko na'urar riƙon wuta ko inbata za ta karɓa ba tare da kwamfutar ta mutu ba.

Zauren da ke da na'urori da yawa yana buƙatar ƙarin mataki. Cibiyar jarrabawa irin wadda JAMB ta saba amincewa da ita tana da kujeru 250. A ƙaddara kowace kwamfutar tebur da allonta suna shan wat 100. Jimilla wat 25,000 ke nan, kuma kusan dukansa zafi yake komawa a cikin zauren. Jikin mutum a zaune ma yana fitar da kimanin wat 100, don haka shigar ɗalibai tana ninka adadin. Gwada na'urori ɗaya bayan ɗaya a zauren da babu kowa ba zai nuna wannan ba. Dole a kunna su duka a lokaci guda, tare da uwar na'urorin da hanyar sadarwarsu da janaretan da zai ɗauke su.

Abin da ya faru a jarrabawar 2025 ya nuna girman abin da ke rataye a kan irin wannan shiri. A watan Mayu na shekarar, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya bayyana cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Tushen matsalar sabunta manhaja ne da bai kammalu ba a wasu na'urori, ba lalacewar sassa ba. Duk da haka darasin ɗaya ne: tsarin da aka taɓa bayan gwaji ya zama sabon tsari, sai an sake gwada shi.

8.0 Iyakoki da Abubuwan Kiyayewa

Gwaji yana tabbatar da samuwar aibi, amma ba ya iya tabbatar da rashinsa. Abin da cin gwaji ke nufi shi ne na'urar ta jure wannan kaya, a wannan zafi, na wannan tsawon lokaci. Haka kuma gwajin yana iya ƙarasa sashen da dama yake da rauni, shi ya sa ya kamata a yi yarjejeniya da mai sayarwa tun kafin a fara. Ba a yin sa a kan na'urar da ke ɗauke da bayanan da ba su da kwafi. Kwamfutar cinya ba ta da sararin fitar da zafi irin na ta tebur, don haka gajeren gwaji ya wadatar da ita. Sannan a ɗauko manhajojin daga shafukan masu su, domin a 2023 an gano tallace-tallacen bogi a intanet da ke raba gurɓatacciyar CPU-Z. Wasu daga cikinsu, kamar HWiNFO da OCCT, kyauta ne ga amfanin kai, amma suna neman lasisi ga harkar kasuwanci.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa karɓar sabuwar kwamfuta aiki ne mai matakai, wanda ya ƙunshi tantance sassa da sa-ido da gwajin juriya, kuma a wuri irin Ɗambatta ba a raba sakamakon da zafin ɗaki da yanayin shekara da tushen wuta. Manhajojin da ake buƙata ƙanana ne, filash guda ya ɗauke su. Abin da ya rage shi ne a mayar da gwajin al'ada. Hanya mafi sauƙi ita ce takardar shaidar gwaji mai shafi ɗaya da Hausa, wadda za ta ƙunshi kwanan wata da zafin ɗaki da tushen wuta da mafi girman zafin masarrafi da yawan kurakuran ram da sa'o'in rumbu, mai haɗawa da mai karɓa su sa hannu. Sassan koyar da Hausa suna da rawar takawa a nan, ta hanyar tattara kalmomin da masu gyara ke amfani da su a titin Beirut da shagunan garuruwa, a tace su tare da malaman kimiyyar kwamfuta, a kuma fara aiki da takardar a kan na'urorin da sassan ke adana taskokinsu a ciki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma makonnin ƙarshen hunturu, kafin zafin Maris ya kankama, su ne lokacin busa ƙura da sake gwaji.